Layi Biyu a Takardar Bahago

Ranar da ƙanena ya ce ba zai ba Bahago 'yarsa ba, ina zaune a falon ina yanke farce. Ban ɗago kai ba, amma babu kalmar da ta wuce ni.

"Mai gyaran bakin titi?" in ji shi. "Wanda shagonsa laima ce da benci? Auta, dube ni da kyau. Na yi miki kama da wanda zai ɗauki 'yarsa ya ajiye a ƙarƙashin laima?"

Auta na durƙushe a gefen kujera, hawaye na ɗiga a kan kafet. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma ita ke riƙe masa ofis a kamfaninsa na gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Shekara biyu ke nan suna son juna ita da wannan dogon yaro mai aiki da hannun hagu, wanda ke gyara a mararrabar titin da ke zuwa kamfanin. Ni na riga kowa sani, don na ga yadda fankar ɗakinta ke lalacewa duk mako.

"Baba, ya iya aiki," ta ce a hankali.

"Wa ya shaide shi? Ga ɗan aminina nan, da digirinsa da komai, ya nuna yana so. Me ya rasa?"

Ɗan aminin nan shi ne wanda ko mahaifiyarsa ta kira sunansa ba ya waiwayowa sai an ce Injiniya. Ba shi da laifi, yaro ne mai tsafta, sai dai in ya gaishe ka sai ka ji kamar kai ne ka zo neman aiki a wurinsa.

A lokacin shugaban masu gyara na kamfanin ya ajiye aiki saboda ciwon ido, kujerarsa babu kowa. Ƙanena ya riga ya gama lissafinsa: wanda ya hau kujerar shi zai riƙe kamfanin bayansa, kuma shi zai auri Auta. Injiniya ya riga ya kawo takardunsa a cikin jaka mai sheƙi.

"Baba, ka bar Bahago ya nema shi ma."

"Ya nemi me?"

"Aikin. Kamar kowa."

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai na ajiye reza na ce, "In ka yarda da naka, me kake tsoro a na laima?"

"Yaya, ba da ke ake ba."

"Na sani. Da kunnena ake."

Ya hau kaɗa ƙafa. Ni na goye shi, na san in yana kaɗa ƙafar dama to an taɓa masa girman kai. Can ya ce, "To, ya kawo takarda. Ke za ki bincika ta, Auta, yadda kike bincika ta kowa, layi bayan layi. Bayan nan ya shiga ɗakin baya. Amma ki ji da kyau. Ƙarya ɗaya na samu a ciki, na yaga ta. Kuma tare da ita zan yaga maganar auren nan, kar in ƙara jin ta a gidana."

Auta ta share ido, har da murmushi. "Na yarda, Baba. Bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ni dai na koma kan farcena.

* * *

Ofishin Auta ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kabad ɗaya, da kujerar roba a gefen taga wadda kowa ya san tawa ce. Kullum nakan bi su kamfanin, don a gida babu mai magana sai agogo, a can kuwa ga sanyi ga labari.

Aikinta na bincike ba wasa ba ne. In mai neman aiki ya kawo takardarsa, sai ta shimfiɗa ta a tebur, ta ajiye biro biyu, shuɗi da ja. Duk makarantar da ya ce ya yi, za ta kira. Duk inda ya ce ya yi aiki, za ta kira, kuma ba lambar da ya rubuta kaɗai ba, sai ta nemo lambar wurin da kanta. Layin da ya tabbata ta yi masa alama da shuɗi. Wanda bai tabbata ba ta ja masa layi da ja, ta rubuta abin da aka gaya mata a gefe.

Na ga abubuwa a kan kujerar nan. Akwai wanda ya rubuta shekara goma yana gyara alhali shekarunsa ashirin da ɗaya. Akwai wanda ya ba da lambar wansa a matsayin tsohon maigidansa, aka kira, wan ya manta da shirin, ya ce, "Wane aiki? Ai barci yake yi yanzu haka."

Ranar Laraba ta fara da takardar Injiniya. Na gyara zama, ina jiran jan biro ya sha aiki. Jami'a ta ce ɗalibinsu ne. Inda ya yi horon aiki suka ce haka ne, har suka ƙara da cewa ba ya makara. Layi goma sha ɗaya, duk shuɗi. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Sannan ta jawo ta Bahago. An buga ta tsaf da na'ura, har da hotonsa a sama yana sanye da kwat da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ta shafa hoton da yatsa tana zaton ban gani ba.

Layi na uku ya ce ya yi shekara biyar a wani babban kamfanin kayan sanyi, a matsayin babban mai gyara. Ta nemo lambarsu ta kira. Wata mata ce ta ɗauka, mai murya kamar ta rediyo, ina jin komai daga inda nake.

"Bari in duba... E, ya yi aiki da mu. Shekara biyar cif. Dogo, bahago ko? Ai kowa ya san shi. Yaron kirki."

Auta ta dube ni tana murmushi. "A matsayin babban mai gyara ko?"

"Mai gyara kuma? A'a. A sito yake. Mai lodi ne, shi ke ɗora kaya a mota ya sauke. Sunansa bai taɓa shiga jerin masu gyara ba. Ko da yake in sun tafi cin abinci za ki gan shi tsugune a bayan firij yana leƙe-leƙe, har faɗa ake yi masa."

"Ko dai kin haɗa shi da wani ne?"

"Ƙanwata, fayil ɗinsa ne a gabana."

Auta ta yi godiya ta kashe wayar. Ta kira makarantar da layi na biyu ya ce ya yi difloma a cikinta. Suka sa ta jira kusan minti goma, suka duba shekarar, suka duba ta gabanta da ta bayanta. Babu sunansa.

Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Hannunta ya je kan jan biro, ya tsaya, ya dawo cinyarta.

"Gwaggo," ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "kin ji?"

"Kunnen nan nawa ya tsufa," na ce. "Amma bai mutu ba."

* * *

A bayan kamfanin akwai fili inda ake jera matattun firij, waɗanda ake cire musu kaya. Nan Auta ta kira Bahago da la'asar. Ni kuma sai ƙafata ta yi tsami, likita ya ce in riƙa tattaki, na je na tsaya a bayan wani dogon firij marar ƙofa.

Ya zo da fara'arsa, hannunsa duk baƙin mai. Da ya ga takardar a hannunta, fara'ar ta gudu.

"Babban mai gyara," ta karanta. Muryarta ba ta tashi ba. "Difloma. Yaushe ka yi ta? Da nake kawo maka fanka ne kake zuwa aji ban sani ba?"

"Auta, ki tsaya ki ji."

"Ina tsaye."

"Na je shagon masu buga takardu. Na gaya wa mutumin gaskiya, sakandare, lodi, laima. Ya yi dariya, ya ce wannan ko maigadi ba zai karanta ba. Ya ce kowa haka yake yi, shi ya san yadda ake gyara wa mutane. Kwat ɗin ma shi ya ɗora mini a hoton."

"Shi ya rubuta. Kai ka karanta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Ka sa hannu a ƙasa?"

"Na sa."

Nan hawayen suka zubo mata. Ba kuka mai ƙara ba, irin wanda ke sauka mutum na magana ne. "Na durƙusa a gaban mahaifina na ce ba ka taɓa yi mini ƙarya ba. Ka san ni ce mai binciken. Ka ɗauko ƙarya ka ɗora a teburina, da hannunka. Me kake so in yi da ita?"

"Na ga jakar Injiniya ne ranar da ya zo," ya ce. "Takarda a kan takarda. Na dubi tawa, layi uku. Na ji kunya, Auta. Wallahi aikin na iya shi. Abin da babban mai gyara ke yi, babu wanda ba na yi. Shekara biyar ina kallonsu, in na koma gida in kwance tsohon inji in mayar. Sunan ne kawai ba su ba ni ba."

"To da ka rubuta haka."

"Da Baba bai karanta ba."

"Da ni na karanta masa."

Wata mage ta fito daga cikin wani firij ta wuce ta tsakaninsu.

Sai ya matso, ya rage murya. "Layi biyu ne kawai. In kika sa musu shuɗi, ni kuma na shiga ɗakin baya na nuna abin da na iya, shi ke nan. Wa zai sani?"

"Ni."

"Bayan ke fa?"

"Ni ɗin ban isa ba? In zauna da kai shekara da shekaru, duk ranar da ka ce mini ka tsaya aiki ne shi ya sa ka yi yamma, in tuna da layi biyun nan? Kuma Baba shekara huɗu bai taɓa sake duba abin da na sa wa hannu ba. Ko sau ɗaya. Kana so in sayar da wannan in saye ka?"

Shi ma idonsa ya cika. Namiji dogo haka, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ke nan kin zaɓi Injiniya."

"Kar ka ƙara faɗin haka." Ta goge fuska da gefen mayafi. "Gobe ƙarfe goma zan kai wa Baba fayil, da abin da aka gaya mini a ciki. In ka riga takardar shiga, kai ka faɗa da bakinka. In ta riga ka, ni na faɗa. Abin da zan iya yi maka ke nan."

"In na faɗa ai ya ce zai yaga."

"Zai yaga."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya ya fita ta ƙaramar ƙofa, bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

Auta ta jingina da firijin da nake bayansa. "Fito, Gwaggo. Ina ganin takalminki."

* * *

Washegari ƙanena ya ɓata lissafin kowa. Ƙarfe tara ya leƙo ofis ya ce, "Ina fayilolin? Kawo yanzu, ina da fita da rana."

Auta ta dubi agogo, ta dubi ƙofa. Tana iya cewa ba ta gama ba, ni kaina da haka zan ce. Amma ta buɗe durowa ta miƙa masa duka biyun. A kan na Bahago jan biro ya yi layi biyu, da rubutunta ƙanana a gefe.

Ya shige ofishinsa ya rufe. Ta zauna ta ɗora kai a tebur.

Tara da rabi Injiniya ya iso, ƙamshinsa ya riga shi shigowa. Ya gaishe ni da kai, ya ce wa Auta, "Ina fatan takarduna ba su wahalar da ke ba."

"Ko kaɗan," ta ce.

Yanzu sai in gaya muku labarin ɗakin baya. Duk wanda zai yi aiki a kamfanin sai ya shige shi, shi da ƙanena kawai, ƙofa a rufe. Babu komai a ciki sai wani tsohon koren firij mai hannun ƙarfe, wanda ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Wanda ya fito ba a gaya masa ya ci ko ya faɗi, kuma ana roƙonsa kar ya ba da labari. Ita kanta Auta ba ta san abin da ake yi a ciki ba.

Ranar da ƙanena zai shiga da Injiniya, na ɗauki kujerata ta roba na bi su.

"Yaya, ina zuwa?"

"Ofishin Auta sanyi ya yi yawa, gwiwata."

Ya dube ni, na dube shi. Ya matsa na wuce.

Ya nuna wa Injiniya firijin. "Wannan ya daina aiki. Ga shi a jone, ba ya ko motsi. Duba ka gaya mini abin da ke damunsa."

Injiniya ya cire agogo, ya naɗe hannun riga. Ya jawo firijin, ya kwance murfin baya, ya haska da fitilar waya. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shinshina can. Ya yi bayani mai tsawo da kalmomin da ban taɓa ji ba. A ƙarshe ya miƙe yana goge yatsu da hankici.

"Kwamfuresa ce ta ƙone, Baba. Sai an canza ta. Gas ɗin ma da alama ya tsiyaye."

"Ka tabbata?"

"Babu ko shakka. Na sha ganin irinsa."

"To madalla. Jira ni a waje."

Da ya fita, ƙanena ya mayar da murfin da kansa, yana ɗaure kusoshin da ƙarfi fiye da yadda suke buƙata. Bai dube ni ba. Ni ma na yi ta kallon silin.

Sai aka ƙwanƙwasa. Goma saura minti biyar.

Bahago ne, da tsohuwar jakar kayan aikinsa a kafaɗa, da rigarsa ta kullum, wankakkiya. Bai san takardar ta riga shi ba. Ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Baba, kafin in taɓa komai, ina da magana."

Ƙanena ya harɗe hannu. "Ina ji."

"Takardar da na kawo akwai ƙarya a ciki. Ban yi difloma ba, a sakandare na tsaya. Kuma a kamfanin can ni mai lodi ne, ba mai gyara ba. Wani ya buga mini, amma na karanta na sa hannu, don haka tawa ce. Auta ba ta sani ba sai jiya."

"Ita ta ce ka zo ka faɗa?"

"Ta ce za ta faɗa ko na zo ko ban zo ba."

"Ta faɗa. Tun ƙarfe tara jan biro ya riga ka." Ya zaro takardar daga aljihu. "Ka san sharaɗina. Tashi ka je."

Yaron ya miƙe a hankali, ya gyara jakarsa. Har ya kama hannun ƙofa na ce, "Tsaya, ɗan nan. Tunda ka zo da kayanka, duba mini firijin can. Ba don aiki ba. Ni ke son ruwan sanyi, an ce kwamfu-wani-abu ta ƙone."

"Yaya."

"Firij ne kawai. Ko shi ma sai mai difloma?"

Ƙafar dama ta fara kaɗawa. Bai ce e ba, amma bai hana ba.

Bahago ya ajiye jaka. Bai taɓa murfin baya ba. Ya buɗe firijin ya ga fitilar ciki ba ta kama ba. Ya bi wayar da hannu tun daga jikin firijin har bango. Ya zare ta, ya ciro ɗan abin gwada wuta daga aljihu ya sa a soket ɗin. Babu haske. Ya duba ɗakin, ya hango wani soket a bayan kujerata.

"Gwaggo, a ɗan matsa mini."

Ya rungumi firijin ya jawo shi shi kaɗai, kamar yadda mai lodi ya iya, ya jona. Sai tsohon ya yi tari sau ɗaya ya kama gurnani. Ya ɗora tafin hagunsa a gefensa, ya kara kunne, ya saurara kamar minti biyu.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba. Bangon ne ba wuta. Kar a bari kowa ya taɓa masa kwamfuresa, irinta ba a samu yanzu." Ya ɗauki jakarsa. "Gwaggo, nan da awa ɗaya ruwanki zai yi sanyi."

Ya fita ya ja ƙofar.

* * *

"Ke kika gaya masa," in ji ƙanena.

"Ni? Shekara talatin da biyar ina riƙe da sirrin firijin nan. A duk rayuwata shi kaɗai ne sirrin da na taɓa riƙewa, kuma ka san abin da hakan ya ci mini."

"Ko ma dai mene ne, ya yi ƙarya a takarda. Na yi magana a gaban 'yata, ba zan janye ba."

"Kar ka janye. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da tsohon maigidanka ya tsayar da kai a gaban wannan koren, me ka ce masa yana damunsa?"

Ya yi kamar bai ji ba.

"Na tuna maka? Ka rubuta wasiƙar neman aiki ka ce ka ƙware a gyaran firij iri-iri, alhali ko rediyon gidanmu da ka kwance sai da aka kai wa mai gyara a cikin kwano. Ni na goge maka rigar da ka sa. Ka dawo da yamma ka gaya mini ka ce masa kwamfuresa ce ta ƙone, shi kuma ya jona a wani soket ya yi dariya har da hawaye."

"Yaya, wannan tsohon zance ne."

"Tsoho kamar firijin, kuma shi ma yana aiki. Bai kore ka ba. Tsintsiya ya ba ka, shekara guda kana shara kana kallo. Da zai rufe shago ya ba ka wannan ya ce ka riƙa tunawa. Kai ka yi ƙarya a takarda, ka sake yin ta a gaban firij. Yaron nan ɗaya ya yi, kuma ya zo da ƙafarsa ya warware ta. Injiniya kuwa takardarsa tas, amma da abokin ciniki ne ya kawo wannan, da yanzu an cire masa lafiyayyar kwamfuresa."

Ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Firijin na ta gurnaninsa. Can ya ce, "Me zan gaya wa aminina?"

"Ka ce ɗansa yana da ilimi, saura hannu. In yana so ya zo ya koya. Ai ba zagi ba ne."

Ya shafa gemu. "Kira mini su. Bahago da Auta."

Suka shigo, kowa na kallon ƙasa. Ƙanena ya ɗaga takardar nan mai hoton kwat, ya yaga ta biyu, ya haɗa ya sake yagawa. Auta ta runtse ido, ta dafa bango.

"Na ce zan yaga, na yaga," ya ce. "Da ita da duk maganar da aka gina a kanta."

Sannan ya zaro farar takarda daga fayil, ya ciro biro daga aljihunsa, ya ɗora su a kan koren firijin.

"Rubuta wata. Da hannunka. Abin da ka yi kawai."

Bahago ya dube shi, ya dube ni. Na yi masa alama da haɓa. Ya sunkuya ya rubuta da hagunsa, a karkace, yana danna biro kamar zai huda takardar. Bai daɗe ba, don layi uku ne. Sakandare. Lodi a sito, shekara biyar. Gyara a ƙarƙashin laima, shekara uku.

Ƙanena ya karanta sau biyu. "Kujerar shugaba ba taka ba ce, kar ka sa rai. Ba ta kowa ba ce tukuna. In wannan ta tabbata, za ka fara a ƙasan kowa, kai ne mai riƙe tsani. Wata shida ina kallonka."

"Na gode, Baba."

"Ɗaya maganar fa, ta auren?" na ce, tunda na ga babu mai bakin tambaya.

"Wace magana? Waccan na yaga ta. Wannan sabuwar takarda ce, ko bincika ta ba a yi ba." Ya miƙa wa Auta. "Yi aikinki. Layi bayan layi."

A nan tsaye ta yi shi, takardar a kan firijin. Ta kira sakandaren, suka duba suka ce nasu ne. Ta yi alama da shuɗi. Ta sake kiran matar nan mai muryar rediyo.

"Mai lodi, shekara biyar?"

"Yanzu kika yi magana. Ki gaishe shi."

Shuɗi na biyu. Ta zo layi na uku ta tsaya.

"Baba, wannan babu wanda zan kira. Laima ba ta da ofis."

Ƙanena ya riga ya juya yana neman makullin motarsa a aljihu. Bai waiwayo ba.

"Sa masa shuɗi. Kullum ta gabansa nake wucewa, ƙarfe bakwai yana nan. Ko ana ruwa."

Ya fita. Auta ta yi alamar, hawaye ya ɗiga a gefenta har tawadar ta ɗan baje. Bahago ya miƙa hannu zai karɓi takardar, ta janye ta rungume a ƙirji.

"Ta ofis ce yanzu," ta ce. "Je ka nemo tsani."

Ni kuwa na buɗe koren firijin na sa gorar ruwana a ciki, na gyara kujera na zauna jira.